Mai Hankici da Ɗinkakken Aljihu

Mijina ɗan dako ne a filin jirgin sama. Ba a ciki ba, kada ku ɗauka yana can yana shan sanyin na'ura. A waje yake, bakin titi, daidai inda motoci ke tsayawa su zube fasinjoji da akwatunansu. Shi ne mutumin nan mai falmaran ruwan lemo da kan buɗe but ɗin motarka tun direba bai gama taka birki ba. Ya loda kayanka a amalanke, ya tura har bakin ƙofar gilashi, inda aka ja wani jan layi a ƙasa. Nan ne iyakarsa. Tun kafin in aure shi yake wannan aiki, ga shi yau har mun aurar da 'ya'ya, kuma ƙafarsa ba ta taɓa tsallake jan layin nan ba.

Ni kuwa tela ce. Ina da keken ɗinki a bakin taga, ina da baki, kuma ba na rufe shi don wani. Saboda haka zan gaya muku halin mutumin nan yadda yake, ba ragi ba ƙari.

In ka tambaye shi, zai ce maka shi bai taɓa roƙon kowa ba. Kuma wallahi gaskiyarsa. Abokan aikinsa kowa da salonsa. Akwai mai tari, akwai mai yi wa fasinja addu'a ba ƙaƙƙautawa har sai ya ga hannu ya shiga aljihu, akwai mai dafe ƙugu yana nishi kamar an ɗora masa gida. Shi nawa ba ya ko ɗaya. Da ya kai kaya jan layi sai ya zaro farin hankici da hannun hagu, ya durƙusa, ya fara goge mariƙin akwati. A hankali. Ya gama, ya koma kan zif. Ya gama, ya koma kan tayoyi, ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan hidima da hagu yake yin ta. Hannun dama kuwa yana nan rataye a gefe, tafin a buɗe, ya ɗan karkata sama, kamar ba nasa ba. Fasinja yana tsaye, jirgi yana jira, akwati yana ta ƙyalli. Ko mutum ya kai wa rowa, kunya za ta kama shi. Shi ya sa duk filin jirgin ba wanda ya san shi da wani suna sai Mai Hankici.

Ni ma a haka na haɗu da shi. Na raka yayata ne, da wata tsohuwar jakar da ko mariƙi ba ta da shi, an ɗaure ta da igiya. Bawan Allah ya durƙusa yana goge igiya. Na tsaya na zuba masa ido har na gaji, na ce, "Malam, ka bari haka nan, jakar nan ta fi mu tsabta." Yayata ta shige, ni kuma ko kuɗin motar komawa da ƙyar. Har yau in mun yi faɗa sai ya ce ni ce fasinja ta farko da ta cuce shi. Ni kuma in ce ai na biya, da kaina ɗungurungum, shi ne ma ya kamata ya ba da canji.

Abin da ban sani ba lokacin, hannun nan ba ya tashi daga aiki. Ya ɗauke mini kan keken ɗinki daga ɗaki zuwa tsakar gida, sai in juyo in gan shi tsaye, hannu a buɗe. Ranar da na haifi Auta, ma'aikaciyar jinya ta miƙa masa jaririya, ya kawo ta bakin gadona, ya ajiye, ya gyara zanen, ya tsaya. Na duba, ga hannu. Na ce, "Baban yara, ni na yi naƙuda, kai za a ba tukwici?" Ya dubi hannun da mamaki, ya tura shi aljihu. Mahaifiyata kuwa, Allah ya ji ƙanta, da ya ɗauko mata jaka daga tasha ta ga hannu a buɗe, sai ta biya shi. Ɓawon lemon da take sha ta ɗora masa a tafin, ta shige ɗaki. Ya yi wata guda ba ya iya haɗa ido da ita.

A bakin titin nan suna da doka tsakaninsu: layi. Mota ta tsaya, ta wanda ke gaba ce, ko mai kyauta ne a ciki ko marowaci. In ka kai kaya ka dawo, sai ka koma baya. Ba a tsallake layi, an sha dambe a kan haka. Mota ɗaya ce kawai ba a faɗa a kanta, wata tsohuwar shuɗiyar mota mai ƙarar salansa. Da an jiyo ta daga kwana, sai ka ga Dogo, babban abokin mijina, cikinsa ya murɗa ya nufi bayi. Wani ya tuna bai ɗaure takalmi ba. Wani ya duƙa yana duba tayar amalanke. Domin a cikin motar nan akwai Sai-Na-Dawo.

Ɗan kasuwa ne, kakkaura, mai fara'a, ba ya wata biyu bai yi tafiya ba. Yana da wani koren akwati mai nauyin tsiya, taya ɗaya ta mutu, sai an ɗaga shi cak. In an kai masa jan layi, sai ya taɓa aljihun ƙirji. Ya taɓa na dama. Ya taɓa na hagu. Ya ɗaga kai sama kamar mai tuna wani abu, ya ce, "Ash! Sai na dawo." Ya ja akwatinsa ya shige. Kuma yana dawowa ɗin, lafiya lau, amma ta ƙofar masu sauka, can ƙasa, inda wasu 'yan dakon ne daban. Ina jin su ma cewa yake da su sai zai tafi.

Kowa ya haƙura da shi ban da nawa. Shi ya mayar da abin yaƙi. Ko yana ƙarshen layi, da ya ji salansa sai ya fito, sauran kuwa har da tafi suke ba shi hanya. Ya dawo gida yana huci.

"Yau ma?" in ce.

"Yau ma. Amma na ga alama, Maman Auta. Yau hannun ya shiga ciki har wuyan hannu."

"Ya fito da me?"

"Da tikiti."

"To ka rabu da shi mana! Dole ne?"

"Ki bar ni da shi. Kafin in bar aikin nan sai na ga abin da ke cikin aljihun mutumin nan."

Ya goge mariƙin koren akwatin nan har launin ya koɗe ya koma fari. Shekara ta bi shekara, suka san juna kamar maƙwabta. Mutumin ya san sunayen 'ya'yanmu, yakan tambayi jarrabawar Auta. Mijina ya san gwiwar da ke damunsa, ya san lokacin da matarsa ta rasu, don ya ga tafiyar da ya yi ba fara'a. Ranar ma mijina bai fito da hankici ba. Amma tafiya ta gaba ya fito da shi, mutumin kuma ya taɓa aljihu uku ya ce sai ya dawo. A gidanmu maganar ta zama abin wasa. In na ce Auta ta wanke kwanuka, sai ja'irar ta taɓa ƙirji, ta taɓa ƙugu, ta dubi rufi ta ce, "Ash, Mama, sai na dawo."

Ana nan sai aka ba wani sabon kamfani aikin dakon. Suka zo da sababbin amalanke, da kyamarori a kan kowane ginshiƙi, da wani matashin shugaba mai ƙugu kamar na zanzaro, wanda ba ya rabuwa da rediyon hannu. Kafin azahar an raɗa masa Oba-oba, saboda "oba, oba" da yake ta faɗi a rediyon. Ya tara su ya ce daga yau su ma'aikata ne, ba 'yan ga-ruwa ba. An ɗan ƙara albashi. An ba kowa katin asibiti, shi da matarsa. Amma tukwici ya haramta. Wanda kyamara ta kama ya karɓa, karon farko gargaɗi, karo na biyu ya tuɓe falmaran ya kama gabansa. Kuma don kada shaiɗan ya samu wurin zama, kowa ya je a ɗinke masa aljihun falmaran.

Ku ce wa suka kawo wa? Washegari na tashi na tarar da tulin falmaran a kan kekena, da maza reras a ƙofar gida, fuska kamar an yi musu mutuwa. Dogo ya raɓo kusa da taga ya rage murya.

"Matar yaya, ki bar mini 'yar kafa. Daidai yatsa biyu. Ba wanda zai gani."

Na ce, "Dogo, kauce ka ba ni haske."

Na bi aljihun nan da ɗinki biyu-biyu, na mijina kuwa sau uku na bi. Ba mugunta ba ce. Yanar ido ce ta rufe mini idon hagu, ta fara leƙa na dama. Zare sai Auta ta zura mini, ita kuma ta kusa komawa makaranta. Na taɓa ɗinka wa wata mata hannun riga a wuya, ta zage ni tas, kuma da gaskiyarta. Likita ya daɗe da cewa sai an yi aiki, mu kuma muka daɗe da cewa sai Allah ya hore. Da katin nan ya zo, muka je, aka duba, aka sa mini rana bayan 'yan watanni. Saboda haka ni katin nan idona ne. In aka kori mutumin nan, kati ya tafi, ido ya tafi, keke ya zama teburin ajiye kwanuka. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kuma ni in na ji tsoro masifa nake yi.

Na ce masa, "Baban Auta, ni ba kamfani nake tsoro ba. Hannun nan naka nake tsoro."

Ya ce, "Haba, sai ka ce yaro? An hana, an hana."

"To bari mu gwada."

Na cika jaka da ƙyallaye, na zama fasinja. Ya ɗauko daga ɗaki zuwa bakin ƙofa. Na naɗe wani ɗan ƙyalle na miƙa. Bakinsa ya ce, "A'a Hajiya, na gode, kamfani ya hana," daidai yadda Oba-oba ya koya musu, har da ɗan rusunawa. Na duba ƙasa, ƙyalle yana cikin hannunsa, yatsu sun rufe a kai. Ikon Allah! Na ɗauko rular yanka na ɗaɗa wa hannun. Muka sake. Baki ya ƙi, hannu ya karɓa. Auta tana kwance a ƙasa tana riƙe ciki. Muka yi ta yi har bayan hannun ya kumbura, ya ce shi fa ba jaki ba ne, kuma ya samo dabara: daga yau in ya kai kaya zai mayar da hannu baya, ya tsaya kamar soja.

Dabarar ta yi kwanaki tana aiki. Sai ranar da wata tsohuwa, da ya kai wa kaya ya kuma ƙi karɓar kuɗinta ta gaba, ta zagaya za ta wuce, ta ga tafin hannu a buɗe a bayansa yana kallon sama. Baiwar Allah ta ɗauka sabon salo ne. Ta saka, ta yi gaba. Hannu kuwa ya rufe.

Oba-oba ya kira shi ofis ya nuna masa kansa a talabijin, ya mayar baya, ya sake nunawa.

"Baba, wannan hannun waye?"

"Yallaɓai, da alama nawa ne. Amma wallahi ba da sanina ba. Ni ko ganinta ban yi ba."

"Gargaɗi ke nan, Baba. Saura ɗaya."

Ranar ban yi masifa ba, abin ya wuce masifa. Na zauna a bakin keke na yi kuka da ido mai gani da marar gani. Shi kuma ya zauna a bakin gado ya ɗora hannun a gwiwa yana hararsa kamar ɗan da ya jawo wa gida abin kunya. Can na tashi na buɗe sif, na ciro kwat ɗinsa, guda ɗaya tilo da yake zuwa taro da ita, na sa almakashi na cire babban maɓallin tsakiya.

"Ungo. Daga ka fita gida har ka dawo, wannan yana cikin hannun damanka. Hannun da ke riƙe da abu ba ya karɓar wani. In ka dawo ba maɓalli, kada ka yi mini sallama."

"Da me zan tura amalanke?"

"Da yatsu uku. Sauran biyun nawa ne."

Haka aka yi. Ya koyi ɗaga akwati da maɓalli a tafi. Hankicin ma ya daina fitowa, don gogewa ba amfani, sai ma ta jawo masa fitina. Ya rame. Ya ce aikin ya zama dako zalla, ba daɗi, kamar miya ba gishiri. Na ce ya sha haka nan.

Da ranar aikin idona ta matso, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Wata safiya na rufe keke, na hau mota, na bi shi ba da saninsa ba. Na samu wani dakalin siminti kusa da ginshiƙi na zauna, na ja mayafi, na kafa masa ido ɗayan da ya rage. Dogo ya hango ni, ya buɗe baki, na nuna masa yatsa, ya rufe. Na ga nawa yana aiki tsaf. Ya kai kaya, ya rusuna, ya juyo, hannu a dunƙule. Wani mai kwat ya bi shi da kuɗi, ya ƙara sauri, mutumin ya ƙara, har suka zagaye amalanke sau biyu kafin mutumin ya yi tsaki ya haƙura. Na ce a raina, madalla, yau ka ci abinci da nama.

Rana ta ɗaga sosai, ina shirin tashi, sai na ji ƙarar salansa daga kwana.

Ban taɓa ganin motar ba, amma na gane ta. Dogo ya dafe ciki don sabo. Mijina kuwa, yana can ƙarshen layi, na ga kafaɗunsa sun miƙe. Rabon mutumin da tafiya tun kafin sabon kamfani, har mijina yakan ce ko ya canja filin jirgi ne don ya gudu da haƙƙinsa. Ya turo amalanke da sauri, ya buɗe but, ya ɗago koren akwati. Na ga ya yi turus, don akwatin ya taso masa da hannu ɗaya, ba nauyi. A ƙarƙashinsa akwai keken marasa lafiya a naɗe.

Wata budurwa ta fito ta buɗe keken, ita da direba suka tallabo mutum daga kujerar baya. Ni da ake ba ni labarin kakkaura, abin da na gani riga ce da mutum kaɗan a ciki. Wuyan rigar ya yi masa yawa, ni tela ce, wannan ko da rabin ido na gani. Amma da ya ɗaga kai ya ga mijina, sai ya yi murmushi.

"Mai Hankici. Kana nan?"

"Ina nan, Yallaɓai. Ina zan je?"

"Yaya Auta? Ta ci jarrabawar?"

"Ta ci. Har ta shiga babbar makaranta."

Suka taho jan layi, budurwar tana tura keke, nawa yana tura amalanke da akwati ɗaya. Na sauko daga dakali na matso bayan ginshiƙi. Kyamara tana daidai saman kaina. Ta cikin gilashi kuma ga Oba-oba tsaye, rediyo a baki, yana kallon waje.

Suka tsaya. Sai na ga hannun hagun mijina ya shiga aljihun wando ya fito da hankici. Na ce, na shiga uku. Ya durƙusa ya fara goge farin mariƙin nan, a hankali, kamar yadda ya saba. Mutumin yana kallonsa yana 'yar dariya marar sauti. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya taɓa aljihun ƙirji. Ya taɓa na dama. Ya taɓa na hagu. Duk 'yan layi sun juyo, Dogo ya manta da ciwon ciki. Sai hannun ya koma aljihun ƙirji, ya shiga, ya fito da kuɗi a naɗe, an ɗaure da roba.

"Ungo," in ji shi. "Na daɗe ina ja maka rai. Wannan karon ban ce sai na dawo ba."

Ya miƙa wa mijina. Budurwar ta kawar da kai tana share ido, ta ce da mijina, "Baba, don Allah ka karɓa. Tun a gida yake maganar, shi ya ɗaure da kansa."

Jama'a, ni na san abin da ke gaban mutumin nan nawa. Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira ne, ga shi a tafin hannu, a gaban duk waɗanda suka yi masa dariya. Kuma ko ba don haka ba, wa zai iya cewa marar lafiya "kamfani ya hana"? Na so in yi ihu in ce idona, Baban Auta, idona! Na damƙe ginshiƙi. Na ga hannun daman mijina ya taso. Na ga yatsun sun buɗe. Na ga ya kama hannun mutumin da hannu biyu, ya rufe, ya daɗe a haka. Na ji Oba-oba ya turo ƙofa.

Mijina ya mayar da hannun mutumin kan ƙirjinsa, ya danna a hankali, ya ce, "Ash, Yallaɓai. Yau ba ni da aljihu, dubi, matata ta ɗinke. Sai ka dawo."

Mutumin ya dube shi. Ya buɗe hannunsa kaɗan ya leƙa, ya sake rufewa. Sai ya fashe da dariya, dariya ta gaske, har ta zame masa tari, 'yarsa tana bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗan banza. To, sai na dawo." Ta tura shi suka tsallake jan layi, wani ma'aikacin ciki ya ja koren akwati yana ɗingishi a bayansu.

Oba-oba ya iso yana haki.

"Baba, na gani da idona. Buɗe hannunka."

Hannun dama yana dunƙule a gefe. Mijina ya dube shi, ya dubi hannun.

"Buɗe mana!"

"Yallaɓai, ina ƙoƙari."

Wallahi ba wasa yake ba. Hannun da na yi shekaru ina fama ya rufe, yau ya rufe ya ƙi buɗewa. Jijiyoyi duk sun tashi. Ban san lokacin da na fito daga bayan ginshiƙi ba. Na ture Oba-oba gefe, na kama hannun, na ce, "Kai, buɗe, don ubanka!" Hannun nake zagi, ba mai hannun ba, ko da yake shi ma ya ji a jikinsa. Na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ba komai a ciki, sai shatar maɓalli da ta kwanta a tsakiyar tafin.

Oba-oba ya duba hagu, ya shafa ɗinkakken aljihu, ya sa aka zazzage hankici. Ya dube ni ya ce, "Wannan kuma wace ce?" Dogo ya ce, "Yallaɓai, ita ce ta ɗinke mu." Yaron ya yi wata magana a rediyonsa don kada a ce bai yi komai ba, ya koma ciki.

A mota muna komawa gida, da muka kusa sauka ya nisa ya ce, "Maman Auta, kin san kaurin kuɗin nan kuwa? Na taɓa fa. Robar ma da ƙyar ta zagaye."

Na ce, "Ina maɓallina?"

"Yana wurinsa."

"Kamar yaya yana wurinsa?"

"Na haɗa masa da shi. Kayan mutane ne, dole ya dawo da shi."

Jama'a, ku ji fa. Mutum ya yi shekaru yana farautar tukwici, ranar da ya samu kuma shi ya ba fasinja. Na juya wajen taga, na bar shi ya ɗauka titi nake kallo.

An yi mini aiki, an cire bandeji, na ga duniya tas. Na ga ashe labulen ɗakina ya koɗe, na ga ashe mijina ya yi furfura har a gira. Na koma kan keke, ina zura zare da kaina. Hannun nasa ma ya koma halinsa, jiya da ya ɗauke mini buhun gawayi na juyo na gan shi a buɗe, sai dai a wurin aiki yanzu murfin kwalba yake riƙewa.

Direban shuɗiyar motar ya kawo wani fasinja bayan wata biyu, ya gaya wa Dogo cewa Sai-Na-Dawo ya rasu a can asibitin da aka kai shi. Dogo ya zo bakin tagata ya gaya mini, muka yi salati, muka ce kada a gaya masa. Amma bakin titin nan ba a ɓoye magana, na tabbata ya ji kafin mu.

Ran nan za mu je taron makarantar Auta, na ciro kwat ɗin. Na zazzage gwangwanin maɓallai, da sabon idona na samo wani daidai da sauran, launi ɗaya, girma ɗaya. Na zura zare, na ɗora shi a wurin. Ya shigo ya gan ni, ya tsaya a kaina.

"Me za ki yi?"

"Me ka ga ina yi? Za ka shiga mutane da kwat a wangale?"

Ya sa hannu ya ɗauke maɓallin daga kan kwat ɗin, ya mayar cikin gwangwani, ya rufe.

"Bar wurin," in ji shi. "Akwai mai kawowa."

Na cire zaren daga allura. Haka ya je taron, yana riƙe da gaban kwat ɗin da hannun dama.